Darasi: Me Za Mu Yi Da Robar Maganin Feshi Idan Maganin Ya Ƙare?

An shirya wannan darasi domin ƙungiyoyin manoma, na maza da na mata, a yankin Funtuwa da Malumfashi da garuruwan da ke kewaye da su. Zai fi kyau a karanta shi tare a wajen taro. Mai jagorantar darasin ya zo da gorar ruwan sha wadda ba a taɓa zuba magani a ciki ba, da ɗan bula na wanki, da bokitin ruwa, da ƙusa. Za mu yi amfani da su a tsakiyar darasin.

Duk wanda ya bi hanyar gona a watan Yuni ko Yuli, daga Bakori zuwa Ƙafur, ko daga Ɗandume zuwa Sabuwa, zai ga robobin maganin ciyawa a yashe a bakin kunya, a gindin ɗorawa, wasu kuma suna yawo a kan ruwan kududdufi. Waɗannan su ne waɗanda aka yar. Waɗanda ba a yar ba suna gida. A wata an zuba gishiri, a wata man gyaɗa, a wata kananzir, wata kuma ita ce yaro yake ɗaukar ruwan sha a ciki ya kai wa babansa gona. Ba wuya a gane dalili. Robar tana da kauri, murfinta yana rufuwa gam, ba ta yoyo, kuma ba a biya ko kwabo a kanta ba. Mu mutane ne da ba mu saba yar da abu mai amfani ba, wannan kuwa hali ne mai kyau. Buhun taki yakan zama shimfiɗar shanya, gwangwanin madara yakan zama ma'auni. Amma robar maganin feshi ba ta cikin wannan sahu, kuma dalilin da ya sa ba ta ciki shi ne abin da za mu duba.

Yadda robobin suka yi yawa

Yankinmu ya daɗe da sanin feshi saboda auduga. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, yana cikin irinsa na farko a Najeriya tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya kawo taki da ingantaccen iri da maganin feshin auduga kusa da manoma. A lokacin, feshi na auduga ne da wake. Masara da dawa kuwa da fartanya ake nome su.

Yanzu abin ya canza. Kuɗin ƙwadago ya yi tsada, don haka manomi yakan fesa maganin ciyawa kafin shuka, ya sake fesa wani bayan an shuka. A 2016 tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta bayyana a Najeriya, a shekarar kuma ƙwaron tumatir da manoma suke kira sharon ya yi mummunar ɓarna a arewa. Tun daga nan feshin maganin ƙwari ya ƙaru, damina da rani. Manomi ɗaya mai 'yan gonaki yana iya ƙarar da robobi da dama a shekara. Ku lissafa na ƙauyenku kaɗai, za ku ga abin ba kaɗan ba ne.

Robar da ta ƙare ba ta rabu da magani ba

Sa'ad da ka juye magani har ya daina zuba, akwai sauran da ya manne a jikin robar daga ciki, da cikin murfi, da zaren bakinta, da cikin mariƙi idan galan ne. Wannan saura kuwa tsantsa ne, ba a sirka shi da ruwa ba. Maganin da kake auna ɗan kaɗan ka zuba a injin feshi mai lita 16 ko 20, shi ne ya rage a ciki da cikakken ƙarfinsa.

Akwai abu na biyu da mutane da yawa ba su sani ba. Roba tana shan magani. Yawancin maganin ƙwari a cikin wani irin mai aka narkar da shi, shi ya sa yake komawa fari kamar madara idan ya haɗu da ruwa. Wannan mai yana ratsa naman robar a cikin watannin da ta yi a shago. Omo da ruwan zafi da toka da yashi suna wanke abin da ke sama, amma ba sa kai wa wanda ya shige ciki. Daga baya, idan aka zuba man gyaɗa, ko manja, ko nono, ko kunu mai zafi, sai maganin ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan yana shiga abincin. Mai ya fi ruwa jawo shi.

Sau da yawa uwargida takan ce, "Ai na wanke ta sau biyar, ko wari ba ta yi." Gaskiya ta faɗa, ta wanke. Amma hanci ba ma'auni ba ne a nan. Warin da muke ji galibi na man da aka narkar da maganin ne, ko kuma wani abu mai ɗoyi da kamfani ya ƙara da gangan domin kada a sha. Warin yana iya tafiya gubar tana nan. Wani kuma yakan ce, "Shekara uku muna shan ruwa a cikinta, ba abin da ya same mu." Guba kaɗan-kaɗan ba ta kayar da mutum nan take. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala su ne alamunta na farko, mu kuwa mukan ce zazzaɓi ne ko rana ce ta buge mu. Yara ƙanana da mata masu ciki su ne abin ya fi yi wa illa, gama jikin yaro ƙarami ne, abin da babba zai jure shi ba zai jure ba.

A ƙasan takardar da ke manne a jikin robar akwai zane mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Yana da kyau kowa ya san wannan, har da wanda bai iya karatu ba. Sai dai kada a ɗauka cewa roba mai kore ta halatta a sa abinci. Launin yana nuna ƙarfin gubar ne kawai.

Ɗauraya sau uku

A 2008 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da jagora a kan yadda za a yi da mazuban maganin feshi da suka ƙare. Matakin farko da suka nuna shi ne ɗauraya sau uku, kuma mataki ne da kowane manomi zai iya yi a gonarsa ba tare da kashe ko sisi ba.

Ga yadda ake yi. Da safar hannu a hannunka, ka kifa robar a bakin tankin injin feshi, ka bar ta tana ɗiga har ka ƙirga talatin a hankali. Ka zuba ruwa mai tsabta kamar kashi ɗaya cikin huɗu na robar. Kada ka cika ta, gama ruwan yana bukatar wurin da zai yi motsi. Ka rufe murfin sosai, ka girgiza da ƙarfi har ka ƙirga talatin, sa'an nan ka juye ruwan a cikin tankin, ka bar shi ya tsane. Ka maimaita sau biyu, kana juya robar, sau ɗaya bakinta ƙasa, sau ɗaya a kwance, domin ruwan ya kai kowane lungu. Idan ruwan na uku bai fito garau ba, ka ƙara. Ka ɗauraye murfin ma a kan tankin.

Abu biyu ne suke ɓata wannan aiki. Na farko jinkiri. A yi ɗaurayar nan take, a lokacin da ake haɗa magani. Idan aka bar robar ta kwana biyu a rana, sauran maganin ya bushe ya zama ɓawo, musamman irin mai kauri kamar koko da ake fesa wa masara, to ruwa ba zai fitar da shi ba. Na biyu shi ne inda ake zubar da ruwan ɗaurayar. Wurinsa ɗaya ne, cikin tankin feshi, a fesa shi a gonar da aka sayi maganin dominta. Ba a zubar da shi a ƙasa, ba a bakin rijiya ba, ba kuma a shiga rafi da robar a wanke ta a can.

Me ya sa sau uku da ruwa kaɗan, ba sau ɗaya da ruwa mai yawa ba? Bari mu yi lissafi. A ce bayan kowace juyewa cokalin shayi ɗaya yake saura a roba mai lita ɗaya, wato mililita 5. Ka zuba ruwa mililita 250, ƙarfin maganin ya ragu kamar sau 50. Ka juye, ka sake, ya ragu sau 50 a kan na farko, wato sau 2,500. A karo na uku ya kai sau 125,000. Amma da ka zuba ruwan duka, mililita 750, a karo ɗaya, sau 150 kawai zai ragu. Ruwan ɗaya ne, sakamakon ya sha bamban. A nan mai jagora ya zuba ruwan bula mai kauri a gorar da ya zo da ita, ya juye, ya yi ɗaurayar a gaban kowa, a ga yadda launin yake raguwa daga ta farko zuwa ta uku.

Akwai kuma riba. Maganin da ya manne a robar kuɗinka ne. Idan kashi ɗaya cikin ɗari yake saura a kowace roba, ƙungiyar da ta ƙarar da roba ɗari ta yar da lita guda cur.

Bayan ɗauraya sai hudawa. Ka sa ƙusa ko tsohuwar wuƙa wadda aka keɓe domin wannan aiki, ka huda gindin robar da gefenta a wuri uku ko huɗu, amma kada ka ɓata takardar da ke jikinta, gama ita ce take nuna abin da ya zauna a ciki. Ka kifa ta ta bushe. Na san wannan mataki shi ne ya fi yi wa mutane ciwo, ana ganin an lalata abu mai kyau. To, ai lalatawar ita ce manufar. Ɗauraya tana sa robar ta zama mai sauƙin ɗauka da ajiyewa, ba ta mai da ita kwanon abinci. Robar da aka huda kuwa ba mai zuba ruwa a cikinta, kuma masu haɗa jabun magani ba za su same ta su cika ta da ruwan banza su dawo mana da ita kasuwa da sunan na kamfani ba.

Waɗanda ba a yi musu haka

Gwangwanin ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi a rumbu ko a buhu dabam yake. Danshi ne yake sa ƙwayar ta saki iskar guba, kuma garin da ya rage a gwangwanin yana iya ci gaba da sakinta. Kada a zuba masa ruwa a ɗaki, kada a juye shi a injin feshi. A bar shi a buɗe a fili, nesa da gida da dabbobi, inda ruwan sama da yara ba za su kai ba, har kwana da kwanaki, sa'an nan a murƙushe shi. Ledar maganin wanke iri, irin su Apron Star, a kakkaɓe ta sarai a kan irin, a tara ta a buhu dabam. Kada a bar wa iska, gama awaki da shanu suna cin leda.

Idan kuma kun tarar da tsohon magani a lungun ɗaki, kada ku buɗe shi domin ku sami robar. A 2008 hukumar NAFDAC ta haramta magungunan gona guda 30, ciki har da Gammalin 20 da wasu suke kashe kifi da shi. Ta kuma sanar da haramta maganin ciyawar da a takardarsa aka rubuta paraquat, irin su Gramoxone, daga farkon 2024. Irin waɗannan a kulle su, a sanar da malamin gona.

Ƙonawa, binnewa, jefarwa

A dā, takardun koyarwa da yawa sun ce a ƙone ko a binne. Jagoran 2008 ya ja hankali daga duka biyun. Wutar kara ko ta shara ba ta da zafin da zai kashe gubar. Abin da take yi shi ne ta mai da ita hayaƙi, tare da wasu gubobi da roba take fitarwa idan ta ƙone, mai ƙonawar da maƙwabtansa su shaƙa, tokar kuma ta zauna a ƙasa. Mafi muni shi ne a hura wutar girki da guntun robar a lokacin damina sa'ad da itace ya jiƙe. Binnewa kuma ba ta kawar da kome, roba ba ta ruɓewa, kuma a fadama ruwa yana kusa da sama.

Jefarwa a kwari ko a rafi kuwa aika wa wani ne. Ruwan da ya bi ta gonakinmu shi yake taruwa a madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye, inda ake sha, ake kamun kifi, ake noman rani. Kogin Sakkwato ma daga yankin Funtuwa ya samo tushe.

Masu sayen roba, da sarrafawa ta gaskiya

Wani zai ce, to a sayar wa 'yan gwangwan mana, ai su ma sana'arsu ke nan. Nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Robar da ake tarawa a garuruwanmu ana niƙa ta, a kai Kano da sauran birane, a narkar, a yi buta da bokiti da kofi da robar wanke-wanke. Idan robar magani ta shiga cikin wannan tari, ta bi ta hannun yaron da ya tsince ta, da wanda ya niƙa ta yana shaƙar ƙurarta, ta kuma dawo gidanmu a siffar abin da muke ɗiban ruwa da shi. Ba laifin masu sana'ar ba ne, ba wanda ya ware musu. Idan kuma ba a huda ta ba, ba ma za ta kai injin niƙa ba, a kasuwa za a sayar da ita ga mai neman mazubin mai.

Ana iya sarrafa robar magani, amma sai an bi da ita ta hanyarta ita kaɗai, a kuma yi abin da ba ya taɓa abinci da ita. Ƙasar da ta fi yin suna a wannan ita ce Birazil. A shekarar 2000 suka yi doka da ta raba aikin. Manomi ya ɗauraye, ya huda, ya mayar da robar cikin shekara ɗaya daga ranar saye. Mai shago ya rubuta a rasit inda za a kai ta. Kamfanonin magani su kwashe su sarrafa da kuɗinsu, ta hannun wata cibiya da suka kafa mai suna inpEV, wadda ta fara aiki a 2002. Fiye da kashi 90 cikin 100 na robobin magani a ƙasar suna komawa ta wannan hanya. Ana yin bututun wayar lantarki da na magudanar ruwa da sababbin robobin magani da su, waɗanda ba su ɗauraye ba kuma a ƙone su a tanderu na musamman mai tsananin zafi. Jamus da Faransa da Ostareliya ma suna da tsari irin wannan.

Abin lura a labarin Birazil shi ne, kome ya rataya a kan matakin farko. Mai sarrafawa ba zai karɓi robar da magani ya bushe a ciki ba. A Najeriya akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007 domin tsare dokokin muhalli, kuma a 2014 aka fitar da ƙa'idoji a kan magunguna masu haɗari. Amma a yawancin ƙauyukanmu ba za ka ga wurin da aka keɓe domin karɓar waɗannan robobi ba. Saboda haka aikin zai fara ne daga wurinmu.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomi ɗaya da roba huɗu ba wanda zai saurare shi, amma ƙungiya mai buhu goma na robobi ɗaurayayyu, hudaddu, busassu, tana da bakin magana. A nemi wuri mai rufi da ƙofa mai kwaɗo, nesa da rijiya da rumbu da turken dabbobi, inda ruwa ba ya kwanciya. A sa robobin a tsofaffin buhuna, murafen dabam. Mutum ɗaya ya riƙe makulli da littafi, yana rubuta sunan magani da adadi. Kada a karɓi robar da ba a ɗauraye ba.

Da wannan littafi za ku je wurin dillalin da kuke sayen magani a hannunsa. Motar da take kawo masa kaya daga Kano ko Zariya wani lokaci ba kaya take komawa ba. Ku tambaye shi ko kamfanin da yake ba shi kaya zai karɓi robobin, ku nuna masa cewa ƙungiyar za ta riƙa saye a wurin wanda ya yarda ya karɓa. Ku kai maganar ga malamin gona da ofishin hukumar KTARDA na shiyyar Funtuwa, da sashen noma na ƙaramar hukuma. Ba lalle a amsa a karo na farko ba. Robar da aka ɗauraye aka kulle tana iya jira.

A rage yawansu kuma tun daga tushe. Idan mutum biyar suna bukatar magani iri ɗaya a mako ɗaya, galan ɗaya mai lita biyar ya fi roba biyar, muddin a gona za a auna wa kowa kai tsaye cikin injinsa. Kada a raba shi a kwalaben lemo, gama wannan shi ne ɗaya gefen matsalar: magani a mazubin abin sha, kamar yadda ake sayar da otapiyapiya, yaro ya gani ya ɗauka abin sha ne. Wajen ajiyar wake kuma buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba a bukatar magani ko kaɗan.

Kada a manta da mata a wannan shiri. Idan aka ce wa uwargida ta yar da robar da take ajiye mai, ba a ba ta wata ba, gobe za ta samo wata irinta. Ƙungiya tana iya sayo jarkoki da galan-galan na abinci a sari, a yi musaya: kawo robar magani, karɓi mai tsabta a farashi mai sauƙi.

Idan guba ta taɓa wani

Alamun gubar maganin ƙwari su ne yawan miyau, gumi, amai, zawo, rawar jiki, ƙanƙancewar baƙin ido da wahalar numfashi. Idan a fata ne, a cire tufafin, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa. Idan a ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. Idan sha aka yi, kada a tilasta amai, kada a ɗura manja ko madara kamar yadda aka saba, gama yana iya sarƙe shi ya shiga huhu. A garzaya asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, a tafi da robar a cikin leda domin likita ya karanta sunan maganin. Idan paraquat ne, a tafi ko da mutumin ya ce ya ji sauƙi, gama ɓarnar da yake yi wa huhu sai bayan kwanaki take bayyana.

Tambayoyi domin tattaunawa

Robar magani nawa kowannenmu ya ƙarar a daminar da ta wuce, kuma ina suke yanzu?

A gidajenmu, me ake ajiyewa a cikinsu, kuma da me za a maye gurbinsu kafin kasuwa mai zuwa?

Wa yake yi mana feshi, mu da kanmu ko samarin da muke biya? Wa zai koya musu ɗauraya sau uku?

A ina za mu ajiye robobin, wa zai riƙe makulli, kuma su wa za su je wurin dillali?